Zan iya kwantar da kujera in yi barci a motar da ke tuƙa kanta?

Tambaya: Malam, na ga bidiyo a Facebook, wani ya kwantar da kujerar Tesla yana sharar barci, mota na ta falfala gudu. Ashe an kai nan? Kuma kishingiɗar tana da amfani ga direba?

Amsa: Ba a kai nan ba tukuna, ganganci mutumin yake yi da ransa da na jama'a. Injiniyoyi sun kasa ƙwarewar mota wajen tuƙa kanta mataki shida, daga 0 zuwa 5. Autopilot, tsarin taimakon tuƙi na Tesla, yana mataki na 2: motar tana bin layi, tana taka birki, amma alhakin tuƙi na wuyan direba. Mercedes ta samu izinin mataki na 3 a Jamus a ƙarshen 2021 da tsarinta na Drive Pilot. A wannan mataki direba zai iya duba waya, sai dai in mota ta kira shi, daƙiƙa 10 gare shi ya karɓi sitiyari. Wanda ya miƙe yana minshari, yaushe zai farka, ya tayar da kujera, ya gane abin da ke gabansa?

Batun kishingiɗa kuwa, daɗi kam akwai shi. Tun shekarun 1970 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta lura cewa idan ɗan sama-jannati ya saki jiki a sararin samaniya, kusurwar da ke tsakanin gangar jikinsa da cinya takan kai digiri 128. A haka nauyi yake bazuwa a gadon baya, ƙugu ya huta. Kamfanin Nissan ya ɗora fasalin wasu kujerunsa a kan wannan binciken.

Matsalar tana wajen bel. An ƙera shi ne don mutumin da ke zaune daram, madaurin ƙasa ya kama ƙashin ƙugu, na sama ya ratsa ƙirji. Da zarar ka kwanta sosai, idan aka yi karo jikinka zai zame ta ƙarƙashin bel ɗin, madaurin ya danne ciki, ya illata hanji ko ƙashin baya. Na sama kuma, tunda a jikin motar aka kafa shi, sai ya tashi daga ƙirji ya koma kusa da wuya. Jakar iskar da ke kumburowa lokacin karo ma ba ta samun mutum inda aka tsara ta same shi. Shi ya sa kamfanoni ke gwada bel da aka ɗinka a jikin kujerar kanta. Volvo ta nuna samfurin wata mota mai suna 360c a 2018, mai gado da wani bargon kariya, amma nuni ne kawai, ba a sayar da shi ba.

Tambaya: To motocin haya marasa direba fa?

Amsa: Motocin Waymo da ke aiki a Phoenix da San Francisco a Amurka suna mataki na 4, fasinja zai iya gyangyaɗi. Duk da haka a zaune yake, da bel a ɗaure, kamar a kowace tasi.