Ƙarar bonet da kakkarwarsa a tsohuwar mota: daga ina ake fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Garwa, ina da mota Toyota Carina E ƙirar 1996 mai shan fetur, kuma harkokina suna yawan kai ni Marwa. Tun bayan damina bonet ɗinta yake damuna. In ta tsaya tana silo sai ya riƙa ƙarau-ƙarau, in kuma na hau kwalta na kai gudun kilomita 80 sai in ga gabansa yana rawa kamar zai tashi. Wani a gareji ya ce in liƙa soson katifa a cikinsa, ƙarar za ta mutu. Shin in yi hakan, ko akwai abin da ya fi? Daga wani mai karatu a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, soson katifa dai kada ka kusantar da shi ga injin motarka, domin yana shan mai da tiririn fetur, yana narkewa, kuma yana kama wuta da sauri, ga shi a irin wannan mota bakin salansa, wato inda bututun hayaƙi ke fitowa daga inji, yana gaba ne, ƙarƙashin bonet ɗin kai tsaye, inda zafi ke kai ɗaruruwan digiri. Ko da ma abin liƙawar na kirki ne, ba da shi ake farawa ba. Bonet ba ya yin ƙara don kansa. Yana yi ne idan ya sami sarari a wuraren da ya kamata a ce an riƙe shi gam, ko kuma idan injin yana aiko masa da girgizar da ta wuce kima. Abin da ka bayyana alamu biyu ne, ƙara a silo da rawa a kan gudu, kuma mai yiwuwa kowace da dalilinta.

Rawar da kake gani a kan gudu ita ce mai haɗari, saboda haka kafin ka sake kama hanyar Marwa ka duba ƙugiya ta biyu, wato wadda kake zura yatsa ka ture bayan ka ja wayar buɗe bonet daga cikin mota. Aikinta shi ne ta cafke bonet idan babban makullin ya kuɓuce. Ka ture ta ka saki, ka gani ko tana komawa da kanta da ƙarfi. Idan sai ka mayar da ita da hannu, to tsatsa ko ƙura ta cije ta, ko kuma sifirin ɗinta ya karye. Bonet ɗin da ya tashi a gudun kilomita 80 yana rufe wa direba gani gaba ɗaya, sau da yawa kuma yana farfasa gilashin gaba, shi ya sa ba na son a ɗage wannan dubawa zuwa gobe.

Daga nan sai robobin da bonet ke sauka a kansu. A yawancin motocin Toyota na wancan zamani za ka ga dunƙulen roba guda biyu a gaba, ɗaya dama ɗaya hagu, masu zare a jikinsu, waɗanda ake murɗawa su fito ko su shige. An tsara abin ne ta yadda makulli zai ja bonet ƙasa daga tsakiya, robobin nan kuma su tokare shi sama daga gefe, sai ya zauna a matse tsakanin ja da tokara. Roba mai shekaru wajen talatin, wadda ta sha bazarar Garwa inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, ga kuma zafin inji daga ƙasa, takan bushe ta ƙanƙance ta yi tauri, wani lokaci ma a tarar ɗaya ta faɗi ba a sani ba. Da zarar ta daina tokarewa, kusurwar bonet ta sami wurin wasa ke nan, iska ta ɗaga ta, gargada ta buga ta. A ganina nan ne aka fi samun matsalar, kuma nan ne gyara ya fi arha.

Gwajin ba shi da wuya. Ka goga alli a kan kowace roba, ka rufe bonet, ka sake buɗewa, sannan ka duba inda ya kamata ta taɓa: idan babu shaidar alli, ba ta taɓawa. Ko kuma ka ɗora ƙyallen takarda a kanta ka rufe, ka ja. Idan takardar ta zare ba tare da turjiya ba, to robar ba ta tokare bonet ɗin. Sai ka murɗo robar waje rabin zagaye, ka rufe ka gwada, ka ƙara rabin zagaye in da buƙata, kana lura da cewa saman bonet ya yi daidai da saman bodin da ke gefensa, kada wani ɓangare ya ɗara wani. Kada ka zarce, domin in robobin suka yi tsawo makulli zai ƙi kamawa sai da duka, kuma wayar buɗewa za ta yi nauyi har wata rana ta tsinke. Idan robar ta tsattsage, ko zarenta ya cinye ba ta tsayawa inda aka bar ta, a sauya ta. Ta wata Toyota mai girma ɗaya daga wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci takan shiga, amma ka matsa ta da yatsa kafin ka biya, ka tabbata tana da sauran laushi.

Makulli shi ne na gaba. Ka duba lanƙwasasshen ƙarfen da ke shiga bakinsa, za ka iya ganin inda ya goge ya yi ƙyalli, wani lokaci har ya yi rami saboda shekarun gogayya. Don ka tabbatar ko a nan sararin yake, ka naɗa masa baƙin salatif na masu gyaran waya zagaye biyu ko uku, ka rufe ka zaga gari. In ƙarar ta ɗauke, ka gano wurin, sai dai salatif gwaji ne kawai, ba ya daɗewa. Gyaran na gaskiya shi ne a sassauta kusoshin da suka riƙe makullin, waɗanda galibi sifana mai lamba 10 ke kamawa, a sauke shi ƙasa milimita ɗaya ko biyu, a sake ɗaurewa. Kafin a taɓa komai a zagaye mazauninsa da alƙalami, don a san inda aka taso in sabon zaman bai yi ba. A wanke shi da ɗan gas ko kananzir a fitar da tsohon giris, sannan a sa sabo kaɗan. Na ce kaɗan ne domin a ƙasarmu mai ƙurar hunturu, giris mai yawa yana haɗuwa da rairayi ya zama abin da ke cin ƙarfen da aka so a kare.

Hinjin baya ba su cika ba da wahala ba. Ka buɗe bonet ka kama gabansa ka kaɗa dama da hagu. In yana wasa, a ɗaure kusoshinsu, in kuma ƙusar tsakiyar hinjin ce ta cinye, a sauya hinjin ɗungurungum. Ka duba har da sandar da ake tokare bonet da ita, domin ɗan maƙalin robar da ke riƙe ta yakan karye, sai ta kwanta tana bugun ƙarfe, mai mota yana can yana zargin abin da ba shi ba.

Akwai wani dalili da ba kowane bakanike ke lura da shi ba. Bonet falle biyu ne: na waje mai santsi wanda ake fentawa, da ƙashin ciki mai ramuka wanda ke ba shi ƙarfi. A gefuna an naɗe su tare, amma a tsakiya ɗigo-ɗigon gam mai laushi ne kawai ya haɗa su. Idan gam ɗin ya bushe ya saki, fallen waje sai ya zama kamar fatar ganga, yana kaɗawa da iska yana bugun ƙashin. Za ka gane haka in ka buɗe bonet ka danna fallen daga ciki kusa da ƙashin ka ga yana ɗagawa, ko ka ƙwanƙwasa daga waje ka ji wani wuri yana amsawa da ƙara biyu. Maganinsa a kankare tsohon gam, a goge wurin ya bushe sarai, a matsa ɗigon gam irin na bodin mota wanda ba ya ƙanƙarewa bayan ya bushe, a bar shi kwana guda ba a tuƙa ba. Mai gyaran bodi zai iya ce maka a ɗiga walda a huta. Kada ka yarda, wuta za ta ƙona fenti ta kuma lauye fallen har abada. Walda sai inda ƙashin ya tsage, kamar kewayen makulli ko gindin hinji, wanda yakan faru ga motocin da suka daɗe suna bin hanyoyi irin ta Mora zuwa Kuseri.

Ƙarar silo kuwa, idan duk wannan bai kashe ta ba, sai a koma ga injin. Inji mai silinda huɗu yana tashin wuta sau biyu a kowane juyi, saboda haka in yana silo a juyi 750 a minti, yana bugun jikin mota sau 25 a kowace daƙiƙa. Abin da ke shanye wannan bugu shi ne robobin mazaunin inji, kuma a mota irin taka guda huɗu ne: dama, hagu wajen giya, gaba da baya. In ɗaya ta tsage ko ta zauna har ƙarfe ya taɓa ƙarfe, girgizar takan bi bodi ta fito a sitiyari da madubi da bonet. Ka ja birkin hannu sosai, ka buɗe bonet, ka sa giya ta ɗaya ka ɗan saki kuloci kaɗan ka mayar, bakanike yana tsaye a gefe, ba a gaban mota ba, yana kallon injin. Sannan a maimaita da ribas. Injin da ya yi tsalle ko ya yi ƙwas ya nuna robar da ta mutu. In an sauya, a toshe duk inda baƙin mai ke ɗiga a kanta, don mai yana ruɓar da roba.

Wani lokaci kuma robobin lafiya lau suke, injin ne ba ya zama daidai saboda fulogi ya gaji, ko wayarsa tana zubar da wuta, ko nozul ya toshe. Mai yawan shan man zuwa-zuwa na kwalba a bakin hanya ya fi haɗuwa da wannan, domin ba kullum ake tace shi ba, wani lokaci kuma da ruwa a ciki, don haka a duba matatar mai tare da fulogi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dabarar ƙara silo don a ɓoye kakkarwa: ƙarar takan ragu, amma mota za ta ƙara shan mai, cutar kuma tana nan. Kafin a rufe bonet a taɓa faifan ƙarfen da ke rufe bakin salansa bayan ya huce, da maɗaurin batir, da akwatin matatar iska, da robobin saman lagireto, domin kowannensu in ya saki yana yin ƙarar da kunne zai rantse daga bonet take fitowa.

Sai bayan an gama da waɗannan ne maganar liƙa wani abu take da amfani, kuma iri biyu ne, aikinsu daban. Na farko falle ne mai nauyi na robar butil mai fuskar alminiyam, wanda ake yankawa a liƙa a filayen da ke tsakanin ƙasusuwan bonet don ya kashe amsa-kuwwar ƙarfe. Ba sai an rufe ko'ina ba. Kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na filin ya wadatar, fiye da haka nauyi ne kawai ake ɗora wa hinji da sanda. A wanke maiƙo tas kafin a liƙa, a danne shi sosai, kuma a guji mai kama da shi da aka yi da kwalta, wanda ake liƙawa a rufin ɗaki, domin a zafinmu zai yi laushi ya yi wari ya zubo a kan inji. Na biyu shi ne bargon bonet na asali, wanda aka yi da zaren da ke jure zafi, ake maƙala shi da maɓallan roba; in naka ya yage ko ya jiƙe da mai, a cire shi a nemo wani, in kuma yana lilo ne kawai a sa sababbin maɓallai, kada ya sauka a kan abin da ke juyawa ko mai zafi.

Kada dai ka sa ran waɗannan za su mayar da cikin motar shiru, domin yawancin ƙarar inji da direba ke ji ta bangon da ke tsakanin inji da ƙafafunsa take shigowa, da ramukan da wayoyi ke ratsawa in robobinsu sun fita. Doguwar robar da ke bin gindin bonet kusa da gilashi ita ma a duba ta, tana rage ƙara tana kuma hana tiririn inji shiga ta mashigar iska. Wajen rufewa, ka sauke bonet zuwa kamar santimita 20 ko 30 ka sake shi ya faɗa da nauyinsa, maimakon danna shi da tafin hannu, sannan ka ɗaga gabansa ka ji ko ya kama. Bayan tafiyarka ta farko zuwa Marwa da dawowa ka maimaita gwajin alli, domin sababbin robobi sukan ɗan zauna, sai a ƙara musu rabin zagaye.