Mashaya ce, ko wane suna za a ba ta?

Wani mai zane da ke karatu a Landan ya rubuto yana cewa: "Malam, na zana wani tsohon gida da ke wani lungu a gefen titin Fleet, sunansa Ye Olde Cheshire Cheese. Irin wuraren nan ne da Turawan Ingila ke kira pub. Ni ban taɓa kai giya bakina ba, ginin ne ya tafi da ni: katakon bangon da ya yi baƙi don tsufa, 'yan ƙananan ɗakuna, da matattakalar da ke gangarawa ƙarƙashin ƙasa. Ina son sa wa zanen suna da Hausa, amma 'gidan giya' ya yi mini nauyi a baki. Sannan abokina ya ce kyan ɗan maciji na zana. Ya faɗi daidai?"

To ɗan'uwa, kalmar da kake nema ita ce mashaya. An ƙera ta daga aikatau sha, da ɗafin ma- na wuri, irin wanda ya ba mu makaranta, marina, majema da mahauta. Aikatau mai gaɓa ɗaya kuwa yakan jawo harafin y ya jingina da shi, shi ya sa ji ta haifi majiya, wadda 'yan jarida ba sa rabo da ita. A bakin makiyayi mashaya ita ce inda shanu ke sauka su sha ruwa, kuma har gobe haka take a karkara. Mutanen birni ne suka ja ta zuwa inda ake shan barasa, shi ya sa ta fi "gidan giya" kunya: ta faɗi gaskiya ba tare da ta ambaci abin da ke cikin kofin ba.

Sai dai ka yi hattara da karin sauti. Idan ka ɗaga dukkan gaɓoɓin sama, wuri kake nufi. Idan ka saukar da gaɓar tsakiya, ka koma jam'in mashayi, wato mutanen da sha ya zame musu jiki. Haka maƙera take: ko inda ake ƙira, ko masu ƙirar. A rubutu ba a bambanta su, don haka idan ka rubuta "Mashaya" ita kaɗai a ƙarƙashin zanen, wani zai shiga neman bugaggu a ciki. Rubuta "Tsohuwar Mashaya a Landan", siffar mace ta raba gardama.

Na san abin da ke damunka, kalmar ba ta ɗauke ma'anar duka ba. Pub gutsure ne daga wata magana mai nufin gidan jama'a, kuma ga mutumin Ingila nan ne majalisar unguwa, kamar teburin mai shayi a wurinmu, inda ake cin abinci, a yi musu, a ji wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Amma kada wannan ya sa ka ce "majalisa" ko "zaure". Bahaushen da ya karanta haka zai zaci tabarma da buta zai tarar, ka yaudare shi ke nan.

Gidan da ka zana an sake gina shi a 1667, shekara guda bayan gobarar da ta cinye tsakiyar Landan a 1666. Ka kuma san 'yan sana'arka sun daɗe suna cin abinci a ƙofar irin waɗannan gidaje. A 1393 Sarki Richard na Biyu ya tilasta wa masu sayar da giya rataye alama a ƙofa, don masu duba ingancinta su gane wurin. Da yake yawancin jama'a ba su iya karatu ba, sai alamar ta zama hoto, kamar jan zaki ko kan sarki, daga hoton kuma gidan ya samo suna.

Batun abokinka kuwa, ya harbi gefe. Kyan ɗan maciji ana faɗarsa ne kan abin da kyansa da cutarsa ke jiki ɗaya, yawanci mutum mai kyan fuska da mugun hali, wanda in ka matsa kusa ka sha sara. Katako da tubali ba sa sara. Da kwalabar da ke ƙyalli a kan kanta ka zana, da na ba shi gaskiya nan take. Abin da ya dace da halinka shi ne gani nan, bari nan: ka ga wurin, ka yaba aikin magina da kafintoci, ka bar musu hajarsu. In kuma ya tambaye ka yadda aka yi wanda ba ya sha ya san darajar mashaya, ka ce masa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.