Zaki ya kashe mana shanu, ana ce wa Baba ya sa guba a mushen

Tambaya: Assalamu alaikum. Rugarmu tana gefen dajin Yankari, ta wajen Alƙaleri. A wata guda an kashe wa mahaifina saniya da maraƙi, kowa na cewa zaki ne. Mun kai ƙara, har yau shiru. Yanzu ana ba Baba shawara in an sake, ya barbaɗa maganin ƙwari a mushen kowa ya huta. Hankalina bai kwanta ba, amma shanun nan su ne abincinmu. Me zan ce masa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Shirun da aka yi muku bai dace ba, kuma irinsa ne ke tura makiyayi ga guba. Mutum ya yi asarar saniya, a ce ya rubuto takarda, ya dawo gobe, ya dawo jibi, ina amfanin haka?

Ka fara duba sawu. Na zaki ba ya nuna farce, na kura kuwa farata a fili suke. Zaki maƙogwaro yake kamawa ko ya danne hanci, kura ta baya take farawa ta farke ciki. Sau da yawa ɓarnar da ake ɗora wa zaki ta kura ce.

To, maganar guba. Wallahi na gaji da jin cewa "a sa magani a huta". Babu wanda ya taɓa hutawa. Maganin da aka fi sawa, irin su Furadan, na ƙwarin gona ne, kuma bai san zaki ba, bai san karen ruga ba. Na taɓa isa wajen wata saniya da aka yi wa haka da hantsi. Angulaye birjik a ƙasa, wasu na bugun fiffike sun kasa tashi, kumfa na fita a bakin wani kare da ya biyo warin nama daga rugar mai saniyar da kansa, ga dila a mace can gefen rafi inda garken ke shan ruwa. Zakin da aka yi domin sa ko kusa bai dawo ba. Kuma kowa ya san akwai marasa tsoron Allah da ke yankar naman mushe su kai kasuwa. Wa zai ɗauki alhakin yaron da ya ci?

Ko da gubar ta sami zakin, matsalar ƙaruwa take yi. In babban namiji ya mutu, sababbi su shigo su kashe 'ya'yan da suka tarar, garken zakunan ya watse, matasan da ba su iya farauta ba su koma kan abin da ya fi sauƙi, wato shanunku. Angulu kuma da kuke rainawa ita ke kwashe mushe kafin cuta ta yaɗu. A Indiya, da wani maganin dabbobi ya ƙarar da angulaye a shekarun 1990, karnukan titi suka yi yawa, cutar haukan kare ta ƙaru. Ka kuma lura da masu zuga Baba. Wasunsu jira suke zakin ya faɗi su kwashi fata da kitse su sayar a matsayin maganin sanyin ƙashi. Man zaki ba ya warkar da komai.

Binciken da aka fitar a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, galibinsu a dazukan W, Arli da Panjari da ke tsakanin Nijar, Burkina Faso da Benin. A Najeriya sai Yankari da Kainji, su ma 'yan kaɗan. Mushe ɗaya mai guba na iya shafe na Yankari ƙarƙaf.

Abin da ya yi aiki a wasu wurare makiyaya ne suka yi shi da hannunsu. A Amboseli ta Kenya, tun 2007 shirin Lion Guardians, wato masu gadin zaki, ke ɗaukar samarin Masai, waɗanda a da kisan zaki ne jarumtarsu, suna bin sawu da asuba, su gaya wa makiyaya inda zaki yake, su nemo dabbar da ta ɓace kafin dare, su gyara shinge. Wani yaro ma, Richard Turere, a gefen Nairobi ya haɗa fitilu masu walƙiya a kewayen garke, zaki ya ɗauka mutum ne ke zagayawa da tocila.

Don haka ka ce wa Baba a ƙara wa shingen ƙaya kauri da tsawo, musamman ƙofa, domin yawanci shanu ne ke firgita su fasa shinge su fita, zaki ya kama a waje. A dawo da garke kafin magariba, a ƙirga, babba ya bi kiwo in za a kusanci daji, a bar karnuka su kwana a bakin garke. In an sake ɓarna, ɗauki hoton sawun da mushen a waya, ku tafi da arɗo wajen ma'aikatan gandun a ƙofar shiga Yankari ta Mainamaji, ku nemi su zo su gani da idonsu a ranar. Mushen kuma ku binne shi da zurfi ko ku ƙone.