Ɗana ya ƙwallafa rai a tseren babur na ƙasa: yaya ake shirya fili, kuma nawa zan tanada?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Maradi. Ɗana mai shekara 13 ba ya da zance sai tseren baburan nan masu tsalle da yake kallo a waya. Sau biyu ina kama shi ya saci babur ɗin yayansa yana ɗaga ƙafar gaba a bayan unguwa. Mu iyaye biyar ne da wannan damuwa, har muka ce me zai hana mu sama musu fili a bayan gari, wataƙila nan gaba su riƙa karawa da yaran Tasawa da Dakoro. Yaya ake shirya irin wannan fili, kuma nawa ne ɗawainiyarsa a kan gida ɗaya?

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ya fi faranta mini rai a wasiƙarka shi ne kalmar "mu biyar". Na yi shekaru ina kwance injinan waɗannan babura ina ɗaurawa, kuma ban taɓa ganin uba ɗaya ya ɗauki wannan wasa shi kaɗai ya yi nisa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a nan kam maganar ta zauna daidai.

Wasan da yaronka yake kallo sunansa motokuros. A Ingila aka fara shi, tsere na farko da aka sani an yi shi a 1924, kuma hukumar babura ta duniya, FIM, ta fara gasar duniya a 1957. Ya bambanta da tseren Faris zuwa Dakar da manyanmu ke tunawa, wanda ya fara a ƙarshen 1978 yana ratsa Agadas da Tenere. Wancan tafiyar dubban kilomitoci ce a sahara. Wannan kuwa da'ira ce rufaffiya, a gasar duniya tsawonta bai kai kilomita biyu ba, mutum 40 su tashi lokaci ɗaya su yi ta zagaye minti 30 da ƙarin zagaye biyu. Alherinsa ga uba shi ne yaro yana gabanka daga tashi har tsayawa, babu mota, babu amalanke, babu mai tsallaka titi.

Bari in fara da babur, domin nan ne iyaye suka fi yin kuskure. Babur ɗin kabu-kabu da ke cike da garin nan an ƙera shi don ɗaukar mutum da buhu a kan hanya. Shokzobansa gajere ne, ƙarfen jikinsa ba a yi shi don dira daga sama ba. Babur ɗin tsere babba yana da shokzoba mai nutsewa kusan santimita 30, shi ya sa yake haɗiye dirar. In aka sa wa na kabu-kabu taya mai ƙurji aka ce ya yi tsalle, wata rana wuyansa zai tsage ko ƙafar gaba ta lanƙwashe, kuma a lokacin yaro yana sama. Amma kada ka raina shi gaba ɗaya. A fili shimfiɗaɗɗe, babu tudu, ƙaramin babur na gida ya isa a koyi birki, da kwana, da tsayuwa a kan matakai maimakon zama. Wata shida na farko wannan ne karatun, kuma shi ne zai nuna maka ko son na gaskiya ne ko na waya ne, kafin ka fitar da kuɗi masu nauyi.

Ana raba yara gwargwadon shekaru da girman inji: 50cc ga ƙanana, 65cc ga 'yan shekara bakwai zuwa goma sha biyu, 85cc ga masu shiga samartaka, sannan 125cc, daga nan 250cc da 450cc na manya. Ɗanka na rukunin 85cc ne, irin Yamaha YZ85, ko Kawasaki KX85, ko KTM 85 SX. Kada lambar ta ruɗe ka, Alhaji. Injin 85 na tsere ya ninka ƙarfin 125 ɗin da ake kabu-kabu da shi, kuma ƙarfin yana zuwa ne farat ɗaya. Idan wani ya kawo maka tsohon 250 da araha ya ce yaro zai girma a kansa, ka ce masa ka gode.

Sabon 85 a Turai yana tsakanin yuro 5,000 da 7,000. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ke nan na yuro 6,000 ya tasam ma miliyan huɗu tun kafin kuɗin jirgi da na kwastan, ga shi kuma hanyar Kwatano da muka saba ta toshe a 2023. Na hannu yakan sauko rabin haka ko ƙasa. Sai dai sayen doki bai taɓa zama wahala ba, harawa da dawar kowace safiya su ne ke gwada mai shi. Wannan inji da awa ake ƙirga rayuwarsa. Mai bugu biyu ne, ana gauraya masa mai na musamman a cikin fetur, kuma fistansa da ringi suna son canji bayan awa 20 zuwa 40, gwargwadon yadda ake matsa shi. Sarƙa da haƙoranta, takalmin birki, taya, duk rairayinmu yana cinsu kamar ana goga su da dutsen niƙa. Waɗannan kaya ba a rataye suke a shagunan kasuwa ba, sai an aiko, don haka in ku biyar za ku saya, ku sayi iri ɗaya, ku yi odar kayan gyara tare, ku ɗauki bakanike ɗaya ku koya masa. Shawarata ma ku fara da babur biyu na haɗin gwiwa, yara su riƙa karɓa-karɓa. Yaro mai koyo ba ya iya wuce minti 15 a jere ba tare da hannuwansa sun sage ba.

Abu biyu ke kashe inji a Maradi. Na farko ƙura. Matacin iskar waɗannan babura soso ne da ake jiƙawa da mai mai danƙo, kuma a lokacin hunturu sai an wanke shi bayan kowace fita. Ku tanadi uku uku ga kowane babur. Na taɓa buɗe injin da aka gyara sati biyu kacal, na tarar da silinda ta yi zane kamar an ja ta da ƙusa, saboda soson bai zauna daidai ba a gefe guda. Na biyu fetur na kwalba daga 'yan ruwa-ruwa. Babur ɗin gida yana haƙuri da shi, na tsere ba ya yi. Ku sha a gidan mai, ku tace da ƙyalle mai tsabta.

Kafin babur, kayan jiki. Hular kwano mai rufe haɓa, wadda ke ɗauke da tambarin gwajin Turai, ECE 22.05 ko 22.06, daidai kan yaron, sabuwa. Komai na iya zama na gwanjo ban da ita, domin hular da ta taɓa buguwa takan mutu daga ciki alhali bayanta na ƙyalli. Sai dogayen takalma masu kama idon sawu, da tabarau na ƙura, da safar hannu, da garkuwar ƙirji da baya, da ta gwiwa. A ƙiyasina ka ware jika 400 zuwa 500 ga cikakken kaya mai aminci, ka kuma sa a ranka cewa ƙafar ɗan shekara 13 ba ta tsayawa, baɗi sai wasu takalman. A nan ma tarayya na da amfani, na babba ya sauka ga ƙarami.

Yanzu fili, wanda shi ne na fi so mu daɗe a kansa.

Ido zai fara kai ku cikin Gulbin Maradi, don rairayi ne shimfiɗe kuma ba kowa da rani. Ku bar shi. Ruwan gulbin nan ne ya ci tsohon gari a 1945 har aka hau tudu, kuma kowa ya ga abin da damina ta yi a 2024. Duk tudun da kuka gina a can na shekara ɗaya ne, ga lambunan mutane a gefe, ga dabbobi na sauka. Ku nemi wuri a tudu, hekta ɗaya zuwa biyu, nesa da gidaje saboda ƙara, kuma ba a kan burtali ba. Tsohon ramin da aka ɗebi jar ƙasa don aikin hanya ya fi komai dacewa, don yana da gangara da hawa na kansa, kuma ba gonar kowa kuka hana shuka ba. Ko aro ne ko haya, a rubuta a gaban maigari da hukumar kula da filaye, a kuma sanar da ma'aikatar magajin gari da jami'an tsaro. A halin da yankin iyaka yake ciki, babura su taru a bayan gari ba tare da hukuma ta sani ba neman fitina ne.

Ƙasarmu iri biyu ce, kowace da halinta. Jigawa tana da taushin faɗuwa, amma tana tona kanta ta zama ramuka a jere bayan 'yan zagaye, tana shanye ƙarfin ƙaramin inji, tudu kuma ba ya tsayawa da ita. Akwai filayen rairayi zalla da suka shahara, kamar Lomel a Beljiyam, sai dai ƙwararru ma suna jin jiki a can. Laka ta fadama kuwa in ta bushe siminti ce, in ta jiƙe sabulu ce. Abin da ke aiki shi ne a gina tudu da kwana da jar ƙasa ko laka, a daddaɓe, sannan a rufa da rairayi kamar tsawon yatsa. Ga masu koyo, da'irar mita 500 zuwa 700 ta isa, faɗinta kada ya gaza mita shida. Kada a bar doguwar miƙaƙƙiyar hanya, domin gudu ne ke mai da ƙaramar faɗuwa babba. Kwana ta farko bayan tashi a buɗa ta sosai, nan ne ake cin karo.

Tudun tsalle kuwa iri ɗaya kawai na yarda da shi ga yara: mai shimfiɗaɗɗen kai kamar tebur, hawa a hankali, sauka doguwa. Wanda ya kasa kaiwa ƙarshe sai ya dira a kan teburin ya wuce. Tudu biyu da rami a tsakani, irin wanda suke gani a waya, shi ne ke karya ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa, da wuyan hannu. Yaran za su roƙe ku, kada ku gina. A tsince dutse da kututturen gero da ƙaya. Idan akwai gawo a filin kada a sare shi, manoman yankin nan sun sha wahala kafin su dawo da itatuwan nan, kuma doka na kare shi. A karkatar da hanyar ta yi nesa da shi, a jera tsofaffin tayoyi a gindinsa, inuwarsa ta zama wurin zaman iyaye.

Kuɗin da ba wanda ke lissafawa shi ne na ruwa. Busasshen fili yana tada ƙurar da na baya ba ya ganin wanda ya faɗi a gabansa. Yi lissafin da kanka: mita 600 sau shida, murabba'in mita 3,600 ke nan. Jiƙawa ta milimita biyar kacal tana cin lita 18,000, wato jarka 720 mai lita 25. Wannan ya fi ƙarfin 'yan ga-ruwa, sai tankar mota ko rijiyar burtsatse a kusa. Ana zubawa da daddare don ya nutse, a ƙara kaɗan da asuba. Saboda haka lokacin da ya fi sauƙi shi ne ƙarshen damina zuwa farkon sanyi, ƙasa na da sauran laima. Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, ku rufe filin ko ku tsaya ga sassafe, don yaro cikin wannan sulke yana iya faɗuwa saboda zafi kawai. Gireda ko katafila sau ɗaya za ku yi hayarta wajen gini. Gyaran mako-mako aikin shebur ne da manjagara, kuma yaran da suka hau su ne za su yi shi kafin su tafi gida.

Ranar hawa, ko da gwaji ne, a sa babba da tuta a kowane tudu da kowace kwanar da ba a hango bayanta. Rawaya na nufin a rage gudu, ba tsalle, ba wucewa. Ja na nufin kowa ya tsaya. 'Yan kallo a bayan igiya, kuma ka san garinmu, ƙarar babur ɗaya ta isa ta tara yara ɗari, sai an sa masu tsaronsu. Mota ta kasance a tsaye da direba da ma'aikacin lafiya, kuma ku auna minti nawa ne daga filin zuwa babban asibiti kafin ku amince da wurin. Wanda ya bugu a kai, ko ya tashi yana dariya, ya gama hawa ran nan sai likita ya gan shi. Wanda ke kukan wuya ko baya ba a cire masa hula da ƙarfi, ba a sungumarsa. Karaya kuma a fara ɗaukar hoto kafin a yi zancen maɗori. Ku buɗe asusun magani tun ranar farko, kowane gida na zubawa duk wata.

Karawa da Tasawa da Dakoro ku ba ta shekara guda. Kowannensu ya haura kilomita 100 daga nan, kuma babur ɗin tsere ba shi da fitila ko lamba, ba a hawa titi da shi, sai a bayan mota. Kowace fita ke nan akwai hayar mota, da mai, da abinci, da taya. Ya fi sauƙi ku fara gayyatarsu su zo naku filin sau biyu a shekara, a raba yara bisa girman inji, a yi tsere biyu na minti goma goma, kowane uba ya sa hannu a takardar amincewa.

In ka haɗa duka, Alhaji, a tsarin babur biyu na hannu tsakanin gida biyar, ina ganin shekarar farko za ta ci wa kowane gida abin da ya haura miliyan ɗaya, rabi a babur, sauran a kayan jiki da fili da ruwa. Shekarun da ke biye nauyin zai ragu, amma ba zai sauka ƙasa da 'yan jikkuna ɗari ba. Idan wannan zai taɓa jarin shago ko kuɗin makarantar ƙannensa, ku tsaya a mataki na farko: fili shimfiɗaɗɗe, ƙaramin babur na gida, hula da takalma na gaske, da babba a tsaye. Sharaɗin da za ka gindaya masa tun yau shi ne, ranar da aka sake ganinsa ya ɗaga ƙafar babur a cikin unguwa, wata guda ba zai taka filin ba.