Amsa: Noman kayan lambu a tsakanin dashen mangwaro

Malam, ka tambaya ko za ka iya shuka kayan lambu a gonar da ka dasa mangwaro bana. Ƙwarai kuwa, domin mangwaro mai aure yakan ɗauki shekara 3 zuwa 4 kafin ya fara 'ya'ya, kuma tazarar mita 10 da ake bari tsakanin bishiyoyi fili ne da bai kamata ya zauna haka nan ba. Ni da rani albasa da attaruhu nake sakawa, da damina kuma wake, wanda ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ka bar aƙalla mita 1 kewaye da gindin kowane dashe, kada fartanya ta sari saiwarsa. Idan bishiyoyin sun girma, ka janye ban ruwa daga kusa da su tun shigowar hunturu, saboda mangwaro yana buƙatar ƙasa ta bushe kafin ya yi fure sosai.