Alhaji, kar ka sayi sensar nan tukuna

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Alhaji, na saurari muryarka tun la'asar, sai yanzu na rufe gareji. Ka ce Hilux ɗinka ce ta 2008, mai fetur, injin 2.7, ta haura kilomita dubu 400. Kullum da safe kana tarar da ɗigo a ƙarƙashinta, wutar cek ta kama ta ƙi mutuwa, fetur ba ya jimawa a tanki, kuma mai wayarin ya ce ka je kasuwar Ƙofar Ruwa ka sayo sensar salansa, wato wadda ke auna iskar da ke cikin hayaƙi. To don Allah riƙe kuɗinka tukuna, ka ba ni minti kaɗan.

A tsohuwar mota, yoyo da wutar cek sau da yawa ciwo ɗaya ne. Shi ya sa nake so mu fara da yoyon.

Yau da dare ka samu kwali mai tsabta ka shimfiɗa mata tun daga ƙasan lagireto har bayan giyabos, wani kuma a ƙasan aksil na baya. Da safe, kafin ka tayar da ita, ka jawo shi ka duba launi, ka shinshina, ka murza a yatsa. Baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, baƙin mai ne. Ja mai santsi a gaba ta wajen sitiyari, man sitiyari ne, don Toyota da man giyar otomatik take amfani a wurin. Mai kauri mai warin farar wuta, wannan na giyabos ne ko na aksil. Ruwa ja ko ruwan hoda mara maiƙo, na lagireto ne, in dai ba zallan ruwan famfo kuke ɗura mata ba. Farin ruwa tas a gefen fasinja bayan ka kunna AC, wannan ba komai, lafiyarsa lau.

Wanda nake tsoro shi ne man birki. Shi ba shi da kauri, launinsa haske-haske, kuma in ya zuba a fenti yana cinye shi. Ka leƙa bayan tayoyi ta ciki. In ka ga jiƙa a nan, ko man ya sauka a kofinsa, ko birki yana nitsewa a hankali in ka danne shi, Alhaji wallahi kar ta hau titi da lodi. A Hilux kuma akwai wani abu: ɗan bututun numfashi da ke saman aksil na baya, in laka ta toshe shi a damina, man aksil sai ya fasa sil ya jiƙa takalmin birki. A canja sil kawai a bar toshiyar, bayan wata biyu ka dawo.

Yauwa. In baƙin mai ne, kar ka yarda wani ya leƙa ƙasa ya ce sil ɗin bayan injin ne, a sauke giyabos. Mai daga sama yake gangarowa, iska kuma ta kora shi baya, inda ka ga yana ɗiga ba lallai nan ya fito ba. A wanke injin, amma ban da harba ruwa cikin soket-soket da altaneta. A bari ya bushe sosai, a barbaɗa hoda irin ta jarirai a gefe-gefen injin, a tayar da mota ta yi zafi. Za ka ga siririn layi baƙi ya keto cikin farar hodar. Bi shi da tocila zuwa sama har inda ya faro. Mafi yawa a gaskit ɗin murfin saman injin za ka tsaya, roba ce ta bushe ta yi tauri, kuɗinta kaɗan ne. Wani lokaci kuma suwic ɗin wutar mai ne da kansa yake tsiyaya. A duba ɗan bawul ɗin numfashin injin da ke kan murfin, in ya toshe, iska ce take taruwa a ciki ta tura mai ta kowace kafa.

Ga inda suke haɗuwa da wutar cek. Murfin nan in ya saki, mai yana cika ramin fulogi, kwil ya jiƙe, mota ta fara rawa. Kwamfutar da mai wayarin ke jona wa mota za ta ba da lambar P0300 ko P0301 zuwa P0304. Sil ɗin gaba in ya saki, mai da ƙura su damu a soket ɗin sensar karanshaf, ta ba da P0335, mota ta riƙa mutuwa a kan hanya. Ruwan lagireto in ya yi ƙasa, sensar zafi iska take taɓawa maimakon ruwa, sai ta aika wa birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ƙarya.

Ka gane ko? Lambar da kwamfuta ta fitar layi take nuna maka, ba ta cewa ga abin da za ka saya. Ɗauki P0171, wadda aka fi zargin sensar salansa a kanta. Ma'anarta iska ta fi fetur yawa. Sensar gaskiya ta faɗa! Je ka lanƙwasa babban tiyon da ya taso daga gidan filtar iska zuwa totur, sau tari za ka ga ya tsage a cikin ninkinsa ta ƙasa. Ko sensar iska ce ta sha ƙurar hunturu, a fesa mata maganin wanke ta, kar a taɓa siririyar wayar da ke ciki da hannu ko tsumma. Ko famfon fetur ne ya gaji. Abin yana ci mini rai ganin mutum ya cire sensa ta asali mai lafiya ya ɗaura jabu, wuta ta dawo bayan kwana uku.

Shan fetur ɗin kuma, tambaya ɗaya gare ni: tamostat, bawul ɗin da ke tare ruwan lagireto har injin ya yi zafi, yana ciki? Mu nan an saba cire shi wai ƙasarmu da zafi. Shi kuwa sai wajen digiri 82 yake buɗewa. In babu shi injin ba ya kai zafinsa da wuri, musamman da sanyin asuba, birenbos ya ɗauka har yanzu a sanyi yake ya yi ta ƙara fetur. A sa kwamfuta da safe kafin a tayar da ita, zafin ruwa da zafin iska su zo kusan ɗaya. In sun yi hannun riga, to yanzu ne za a zargi sensa ko wayarta.

A auna batir ma, wajen volt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in tana aiki. Kan batir mai tsatsa ko wayar at da ta saki kaɗai sun isa su cika kwamfuta da lambobin banza.

Sai ka zaro sandar awon mai. In man ya koma launin shayi mai madara, ko ruwa yana raguwa alhali kwali a bushe, ga farin hayaƙi a salansa bayan ta yi zafi, wannan gaskit ɗin top ne, kar a ƙara tuƙa ta. Haka in jar wutar mai ta kama kana tafiya, faka ka kashe nan take.

Gobe in Allah ya kai mu ka koma wajen mai wayarin, ka ce kar ya goge komai, ya rubuta maka lambobin a takarda. Ka turo su nan tare da hoton kwalin, sai in gaya maka abin da za a fara kwancewa. Allah ya tsare hanya, sai da safe.