Fayil ya isa, manhaja ta ce bai isa ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta 'yar manhaja da ke tura lissafin buhunan shinkafa kowace yamma daga injin casa a Argungu zuwa ofishinmu na Birnin Kebbi ta hanyar FTP, wato tsarin tura fayil ta intanet. Tunda aka canja uwar garke, sai ta riƙa cewa turawa ta gaza alhali fayil ya isa, wani lokaci kuma ta tsaya cik. Ina matsalar take? (Mai karatu daga Argungu)

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ina kyautata zaton ka sa manhajarka ta jira lamba guda daga amsar uwar garke, 226, ko ma kalmomin da ke biye da ita. Haka ya taɓa faruwa da ni a Gusau, na yi kwana uku ina ɗora wa layin intanet laifi.

Ƙa'idar FTP, wato RFC 959 ta 1985, ta bar wa masu uwar garke zaɓi. Idan an gama turawa, wata ta ce 226, wata ta ce 250, duk daidai ne. A farkon turawa ma akwai 150, akwai 125. Saboda haka lambar farko za ka duba: 1 aiki ya kankama, ka jira wata amsa, 2 an gama, 3 ana jiran ƙarin umarni, 4 tangarɗa ce ta ɗan lokaci, a sake gwadawa, 5 an ƙi, nacewa ba za ta amfana ba. Rubutun da ke bayan lamba don idon mutum aka yi shi.

Tsayawa cik ita ta fi damuna, domin lissafin yini guda na iya salwanta ba a sani ba. Ka fara da amsoshi masu layi da yawa. Idan ka ga 220 da ɗan karan ɗori (-) a bayanta, magana ba ta ƙare ba sai lambar ta dawo da fili a bayanta. Wanda ya karanta layi ɗaya ya wuce, duk amsoshin gaba za su zo masa a karkace.

Sai amsar PASV, umarnin da ke tambayar uwar garke adireshi da ƙofar da za a tura fayil ta ciki. Amsar ita ce 227, mai ɗauke da lambobi shida. Tun 1989 RFC 1123 ta gargaɗi masu manhaja kada su dogara da baka biyun da ke kewaye lambobin, su nemo lambobin da kansu. Sau da yawa kuma uwar garken da ke bayan rauta, wato na'urar raba intanet, takan ba ka adireshinta na cikin gida mai farawa da 192.168, wanda ba za ka taɓa isa gare shi daga Argungu ba. Ka yi watsi da shi, ka yi amfani da adireshin da ka haɗu da ita tun farko, ko ka gwada EPSV a madadin PASV, wadda lambar ƙofa kawai take bayarwa.

Ka sa wa manhajar iyakar lokacin jira, kuma ta riƙa ajiye duk abin da ita da uwar garken suka faɗa wa juna a fayil. In ta sake tsayawa ka aiko mini da layukan, amma ka goge layin PASS tukuna, don kalmar sirrinka a fili take a ciki.